Kafin 'Yan Gwangwan Su Kwashe Tsofaffin Baburanmu



Yau maganar babur za mu yi, amma ba sabo mai leda a kan kujera ba. Tsohon nan nake nufi, wanda ke jingine a zaure ko bayan rumbu, kaji suna kwana a kansa. Daga cikin garin Daura har Sandamu, Zango, Baure da Mai'adua, akwai gidaje da yawa da ba a rasa irinsa: tsohuwar Vespa, ko ƙaramar Honda, ko Suzuki, ko Yamaha, ko Mobylette ɗin nan mai feda da ke shigowa daga wajen 'yan'uwanmu na Nijar. Idan ka tambayi mai gidan dalilin ajiye shi, ba kasafai zai ce maka inji ne ya buga ba. Sau da yawa cewa zai yi kayansa sun ɓace a kasuwa. Kuma in ka matsa da tambaya, za ka tarar ƙafafun babur ɗin ne suka gaza: shokozoba ta zauna, bushin ya cinye, sandunan gaba sun lanƙwashe ko sun yi tsatsa suna zubar da mai. Inji na nan da ransa, abin da ke ɗauke da shi ne ya mutu.

Da yawa daga cikin baburan nan sun shigo gidajenmu ne a shekarun 1970, musamman bayan ƙarin albashin Udoji na 1974, lokacin da malamin makaranta da malamin asibiti da akawu suka ga kuɗi a dunƙule suka jingine keke. Kuma ba kayan banza suka saya ba. Ƙaramar Honda da ake kira Super Cub ta fito a 1958, kuma zuwa 2017 kamfanin ya ƙera sama da miliyan 100, babu wani abin hawa mai inji da ya kai ta yawa a duniya. Ita kuwa CG 125 da ta fito a 1975, da gangan aka tsara injinta don ƙasashe irin namu, inda mutum kan manta da juyen mai har sai ya yi baƙi ƙirin. A 1979 Honda ta kafa kamfaninta na haɗa babura a Nijeriya, mai masana'anta a Ota ta jihar Ogun. Daga baya baburan Sin irin su Jincheng suka cika gari da araha, sannan Bajaj Boxer ta Indiya ta zo ta kwashe kasuwar 'yan acaɓa. Ɗan kasuwa kuma abin da ke tafiya yake sarowa. Sannu a hankali kayan tsofaffin suka ƙaura daga kanta zuwa kwandon gwanjo, daga kwandon gwanjo kuma suka ɓace.

To me ya tayar da maganar yanzu? Aljihu ne. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kuɗin sabon babur na haya ya haura naira miliyan ɗaya. Magidancin da ke son zuwa gona, ko kai yara makaranta, ko leƙa kasuwar Mai'adua, ya fara waiwayen abin da ya jingine. Ƙaramin inji mai cc 50 ko 70 ko 90 kurɓar mai yake yi, ba kwankwaɗa ba. Daman Bahaushe ya ce da tsohuwar zuma ake magani.

A wasu ƙasashen sha'awa ce ke tayar da tsohon babur, ba larura ba. Akwai wani ɗan mitsitsin babur na Honda mai suna Monkey, wanda asalinsa a 1961 aka yi shi don yara su hau a wani wurin wasa a Japan, samfurinsa na farko ko shokozoba babu. Yau manya masu furfura a Japan da Amurka da Turai suna farautarsa, suna kashe masa kuɗin da ya ninka na sabo. Saboda su aka samu ƙananan masana'antu, wasu mutum biyu ne ko uku a cikin rumfa, waɗanda aikinsu kawai shi ne su ɗauki tsohon ƙarfe na asali, su auna shi, su zana shi a takarda, su ƙera sabo daidai da shi. A Tailan da Taiwan ana yin haka da kayan Super Cub. A Indiya, inda Bajaj ta daɗe tana ƙera Vespa da lasisi kafin ta fito da nata samfurin mai suna Chetak a 1972, har gobe akwai masu ƙera kayan tsohuwar Vespa suna aikawa duniya. Su don ado, mu don abinci, amma aikin hannun ɗaya ne.

Shin muna da hannun? Wannan ba abin tambaya ba ne a ƙasar Daura. Labarin kafuwar masarautar nan ma bai cika ba sai da maƙeri, domin an ce a Gaya maƙera suka ƙera wa Bayajida makamin da ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu. Jikokin masu sana'ar suna nan da zuga-zugi da masaba da awartaki, sun kuma san ƙarfe sanin da ba a aji aka koya ba. Ka tambayi kowane maƙeri abin da ya fi so ya yi wuƙa ko gatari da shi, zai ce maka sifirin mota. Ya san wannan ƙarfen dabam yake da rodin gini, ya san yana ɗaukar kaifi, ya san in an tsoma shi a ruwa da zafinsa zai yi tauri har ya iya tsagewa. Kusa da shi ga mai walda, ga bakanike, ga mai injin feƙe ƙarfe. Waɗannan mutane su ne suka riƙe ababan hawan ƙasar nan a lokacin da aka rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sa'ad da iyakar Kongolam ta yi tsit. Ba na raina su, kuma duk wanda ya raina su bai taɓa lalacewa a hanyar burji da la'asar sakaliya ba.

Amma jama'a, a nan ne zan tsaya in yi magana ba tare da sakaya ba. Ƙera madogarin ƙafa ko marfin sarƙa dabam, ƙera kayan shokozoba dabam. In marfin sarƙa ya karye, ƙara za ka ji. In sandar gaba ta karye kana gudu, ƙasa za ka ji, kai da wanda ka goyo.

Bari mu kwance shokozoba mu ga cikinta. Abu biyu ne ke aiki tare. Akwai sifirin da ke naɗe a waje, shi ke ɗaukar nauyi, ya matse in an faɗa rami, ya dawo. Sannan akwai bututu a tsakiya mai ɗauke da mai, wanda ake tilasta wa wucewa ta wasu ƙananan ƙofofi. Aikin man shi ne ya hana sifirin yin ta tsalle bayan an wuce ramin. Shi ya sa za ka ga babur ɗin da mansa ya zube yana ta rawa a kan gargada, tayar baya tana barin ƙasa tana dawowa. Kuma duk lokacin da taya ba ta taɓa ƙasa, birki ba shi da abin kamawa. Mutane da yawa suna ɗauka shokozoba don jin daɗin zama aka yi ta. Jin daɗin ƙari ne, babban aikinta riƙe taya a ƙasa.

Yanzu ga inda ido ke yaudarar gwani. Ƙarfin sifiri ba ya tafiya daidai da kaurin wayarsa yadda hankali zai ɗauka. Injiniyoyi sun san cewa in ka ƙara kaurin wayar da kashi 10 cikin 100, taurin sifirin zai ƙaru da kusan kashi 46. In na asali waya ce mai kaurin milimita 7, kai kuma ka samo mai milimita 8 ka ce ai kusan ɗaya ne, to ka yi sifirin da ya fi na asali tauri da kusan kashi 70 cikin 100. Milimita ɗaya tak, abin da ido ba zai rantse a kai ba. Haka nan in aka yanke zagaye biyu daga dogon sifiri don ya shiga gurbin gajere, ba laushi yake yi ba, ƙara tauri yake yi. Sakamakon shi ne duk dukan da hanya ta kawo, maimakon sifiri ya shanye, sai ya wuce zuwa jikin babur, ya tsage inda aka ɗaura shokozobar, saura kuma ya sauka a ƙugun mahayi. Dattawan da ke kukan ciwon baya bayan shekaru a kan babur, wasunsu ba shekaru ne kaɗai suka yi musu ba.

Sai batun wuta. Babban sifiri ana gasa shi ne har ya haura digiri 800, a tsoma a mai, sannan a sake ɗumama shi wajen digiri 400 zuwa 450 don a rage masa gautsi. Wannan gashi na biyu shi ne ran aikin. In aka tsallake shi, sifirin zai karye farat ɗaya. In kuma aka zarce, zai zauna ya ƙi tashi. Maƙeri yana auna zafi da launin ƙarfe, kuma a wuƙa ko lauje hakan ya wadatar, domin baki kawai ake nema. Amma a naɗaɗɗen sifiri mai zagaye goma sha, dole kowane zagaye ya sha zafi iri ɗaya, ciki da waje, abin da wutar gawayi ba ta iya lamuncewa. Don haka ra'ayina shi ne kada a naɗa sifirin shokozoba a maƙera ta gargajiya, kuma kada a taɓa ɗora walda a kan sifirin da ya karye. Wurin waldar zai yi gautsi, can zai sake karyewa, kuma ba zai yi sallama ba.

Haka batun sandunan gaba. In sun ɗan karkace kaɗan, gwani kan iya miƙar da su a sanyi da matsi, yana juyawa yana aunawa. Amma in sandar ta yi gwiwa, ko aka hura mata wuta har ta yi ja don ta miƙe, ƙarfinta ya tafi ko da ta yi kyau a ido. In kuma tsatsa ta yi mata ƙananan ramuka a inda robar tare mai ke gogawa, ko sabuwar roba goma ka sa, yagewa za su yi.

To in an cire waɗannan, me ya rage wa masu sana'armu? Ai mafi yawan aikin ne ya rage. Bushin da ke idon shokozoba da wanda ke gindin hannun da ke riƙe tayar baya, duk ana iya feƙe su a nan, na ƙarfe ko na tagulla ko na roba mai tauri. Dogon ƙarfen da ke ratsa gindin hannun nan ana iya yin sa, muddin daga ƙarfen kirki aka feƙe shi ba rodi ba. A nan ma akwai abin lura mai sauƙi: kan notin kirki yana ɗauke da lamba, 8.8 ko 10.9, wadda ke nuna ƙarfinsa, kuma wanda ba shi da lamba bai cancanci wannan gurbi ba. Kofunan da sifiri ke zama a kai, da kunnuwan da ake ɗaura shokozoba, da 'yan gajerun hannuwan da ke riƙe tayar gaba a tsohuwar ƙaramar Honda, duk aikin mai feƙe ne da mai walda. Ita Vespa tata dabarar dabam ce, domin wanda ya tsara ta a 1946, Corradino D'Ascanio, injiniyan jiragen sama ne, shi ya sa tayarta ta gaba a gefe ɗaya take rataye irin na ƙafar jirgi. Duk nauyin yana kan ƙusa ɗaya da bushinta, don haka in sun yi sako-sako kan babur ɗin sai ya riƙa kaɗawa. Wannan ma gyara ne da ba sai an je Italiya ba. Shi kuwa sifiri, ana iya zaɓo shi daga na wani babur ɗin da ke kasuwa, in an auna kaurin waya da faɗin zagaye da yawansa da tsawo aka ga sun dace.

Kun ji kalmar da nake ta maimaitawa: awo. A ganina nan ne giɓinmu yake. Ba basira muka rasa ba, ma'auni muka rasa, da al'adar rubuta abin da aka auna. Ma'aunin kauri na hannu, mai baki biyu da ke zamewa, kuɗinsa bai kai na taya ɗaya ba, amma ka zaga garejin babura da yawa ba za ka gan shi ba. Ana aiki ne da "kawo tsohon mu gani". To tsohon ai ya riga ya cinye. In ka kwaikwayi bushin da ya cinye, cinyewar ka kwaikwaya. Masu wannan sana'a a Japan ba su fi namu hannu ba, littafi suka fi mu. Kowane ƙarfe da ya bi ta hannunsu sun zana shi sun rubuta awonsa, gobe in wani ya zo ba sai an fara daga farko ba.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna. 'Yan gwangwan suna zagaya unguwanni da ƙauyuka da kura da sikeli, kuma ba laifi suke yi ba, neman halaliyarsu suke. Amma su kilo suke saye. A wurinsu tsohuwar Vespa da tsohon gadon ƙarfe duk ɗaya ne. Duk babur ɗin da ya hau sikeli ya tafi kamfanin narka ƙarfe, ba babur ɗaya aka rasa ba, an rasa samfurin da za a auna a tayar da wasu goma. A kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano har yanzu mai haƙuri kan yi dace da tsohon kaya na asali, amma kullum raguwa suke.

Wa zai cike giɓin? Allah ya sa ba nesa za mu je ba. A 2019 aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Daura. A Disambar wannan shekarar kuma marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya a nan garin. Na san hankalin jami'ar ya fi karkata ga jirgin ƙasa, tunda layin dogo na Kano zuwa Maraɗi ta nan ya biyo, kuma hakan daidai ne. Amma in ana maganar sufuri a masarautar Daura a yau, abin da ke kai mai naƙuda asibiti daga ƙauye, ya kai buhun gero kasuwa, babur ne. Ba zai rage wa kowace makaranta daraja ba in ta buɗe ɗakin aikinta rana ɗaya a mako ga bakanikai da maƙera, ta koya musu karanta ma'auni da zane, ta ajiye tanda mai nuna zafi da ɗan injin gwada ƙarfin sifiri, mai sana'a ya kawo aikinsa a gwada masa a kan kuɗi kaɗan. Ɗalibai kuma, maimakon aikin ƙarshen shekara da za a jibge a kabad, a tura su su auna kayan tsofaffin babura su haɗa kundin zane da kowa zai iya amfani da shi.

Ba mafarki nake ba, an yi a wani wuri. A Kumasi ta ƙasar Gana akwai unguwar masu sana'ar ƙarfe da gyaran mota da ake kira Suame Magazine. A farkon shekarun 1980 jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi ta kai ɗakin aiki da injuna har tsakiyar unguwar, ba ta jira su zo mata ba, kuma daga nan sana'ar feƙe ƙarfe da zuba shi ta bunƙasa a wurin. A nan gida ma, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta haɗa hannu da masu sana'ar kasuwar Panteka don a tantance ƙwarewarsu a ba su shaida. Abin da ya yiwu a Panteka ban ga abin da zai hana shi a Daura ba. Masarauta ma tana da bakin magana, tunda masu sana'ar gargajiya suna da shugabanninsu, kuma in kira ya fito daga fada ana amsawa.

Na san wani zai ce, Malam, wa zai sayi na gida alhali ga na Sin da araha? A kayan Boxer da sauran baburan da ke yayi, gaskiyarsa ne, ba za mu iya gasa da kwantena ba, kuma ban ce a gwada ba. Amma kayan da muke magana a kai babu su a kwantenar. Kasuwa ce ƙarama da manyan kamfanoni suka ga ba ta kai su tsaya ba, irin wadda ta dace da mutum ɗaya da injinsa da yaransa biyu. Kuma ba ta tsaya a Daura ba, ta kai Kazaure da Katsina, ta tsallaka Matamaye da Damagaram. Mutanen Nnewi a jihar Anambara da sayar da kayan babur suka fara, a shekarun 1980 suka koma ƙerawa, yau a garin ake haɗa motocin Innoson. Ban ce mu ma can za mu kai ba. Na dai ce su ma daga bushi da noti suka tashi.

Ku kuma 'yan'uwana masu hawa, akwai naku. Babur ɗin da aka tsara don mutum biyu, in aka ɗora masa mutum huɗu da buhu da akuya, babu maƙerin da zai yi masa sifirin da zai jure, ko na kamfanin ma zaunawa zai yi. Kuma in bakanike ya ce maka wannan sandar ba ta gyaruwa sai an sauya, kada ka tsallaka wajen na gaba da zai hura mata wuta don ka rage naira dubu biyu.

Kirana na ƙarshe ga mai tsohon babur a zaure: in mai sikeli ya yi sallama gobe, dakata tukuna. Tura babur ɗin wajen bakaniken da ka yarda da shi ya duba inji da gangar jiki. In zai tashi, a tayar da shi. In ba zai tashi ba, a kwance shokozoba da sandunan gaba da hannun baya a ba mai feƙe ƙarfe ya auna ya rubuta, sannan ka sayar da sauran.

 Allah ya tsare mu a hanya.